Nauyi ko sifirin: me ke kare allurar garmaho daga girgiza?

Tsohon Faifai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake yawan ji, wai muddin garmaho ya yi nauyi to ya tsira daga girgiza, har ana auna ingancinsa da yawan kilo. Ni ban yarda da ita ba, kuma ina so mu yi ta da hujja. Allura ba ta san waƙa ba. Abin da ta sani kawai shi ne motsi tsakaninta da jikin katirij, wato ɗan kan da ke bakin hannun garmaho yana riƙe da ita. Ko daga kwarmin faifai motsin ya fito, ko daga takun mutum a daɓe, ko daga injin da ke juya farantin da ake ɗora faifai a kai, duk lantarki take mayar da shi, amfilifaya kuma ta ɗaga shi ba tare da ta tambayi asalinsa ba. Wasu lanƙwasoshin da ke cikin kwarmin nan ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. To idan daɓe yana rawa, ka ɗora masa garmaho mai kilo 50, tare za su yi rawar. Ina kariyar take?

Garba MC:
Wa alaikumus salam Baba. Amma fa ku duba, manyan kamfanonin da suka kai ƙololuwa kusan duk nauyi suke bi. Garmahon Clearaudio Statement ya kai wajen kilo 350. Kuzma Stabi XL gindinsa tagulla ce mai nauyi, ba sifirin ko ɗaya a jikinsa. Su ma ba su san aikinsu ba ne?

Tsohon Faifai:
Sun sani ƙwarai, ɗana. Ka sake duba Statement ɗin da ka kawo. Ba nauyin kaɗai suka dogara da shi ba, sun rataya masa wani ƙaton nauyi mai lilo a ƙasa don ya riƙa daidaita kansa. Shi kuwa Kuzma, duk wanda ya mallake shi sai ya nema masa mazauni na ƙwarai. Nauyi yana da amfaninsa, ban musa ba. Tare girgizar ƙasa ce ba ya cikin amfanin nasa idan ba wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa.

Injiniya Sabo:
Baba ya yi gaskiya, bari in sa lissafi a ciki don kada mu tsaya kan ra'ayi.

Duk abin da ka ɗora a kan sifirin yana da wani gudu da yake fi saurin rawa da shi, mu kira shi zangon amsawarsa, ana auna shi da Hz, wato sau nawa yake kai da komowa a daƙiƙa. Girgizar da gudunta ke ƙasa da wannan zango, sifirin ba ya tare ta, wucewa take yi yadda ta zo. Wadda ta faɗa kan zangon daidai, ƙara ta ma yake yi, ta fito ta fi yadda ta shiga. Sai gudun girgizar ya haura zangon da kusan ninki 1.4 sannan tarewa take farawa. Daga nan duk lokacin da gudun ya ninka, abin da ke wucewa yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wato desibel 12.

Kuna iya kintata zangon da ido. Ku duba yadda abin ya lotsa da aka ɗora masa kaya. Ya lotsa santimita 1, zangon wajen 5 Hz ne. Ya lotsa santimita 2.5, wajen 3 Hz. Idan kuwa milimita 1 kacal ya lotsa, kamar yawancin ƙananan ƙafafun roba, to kuna wajen 16 Hz ko sama da haka, dab da inda kaurin sauti, wato sauti mai zurfi irin na babbar ganga, yake farawa. Shi ya sa wani zai sayi ƙafafun roba ya sa, ya ji sautin ya ƙara dagulewa. Bai tare girgizar ba, ya matsar da wurin da take ƙaruwa ne zuwa inda kunne ke ji.

Nauyi kuwa ga inda yake shigowa: a kan sifirin iri ɗaya, ƙarin nauyi yana sauko da zangon. Nauyi da laushi tare suke aiki. Ɗaya ba ya wadatar da ɗaya.

Garba MC:
To Injiniya, me ya sa ba a sauko da zangon ƙasa sosai a huta ba? Me ya sa ake ta maganar 3 zuwa 5 Hz?

Injiniya Sabo:
Saboda wurin a cunkushe yake, ƙanena. Hannun garmaho da katirij su ma nauyi ne a kan ɗan sifirin, wato robar da ke riƙe da sandar allura, kuma ana so nasu zangon ya faɗa tsakanin 8 da 12 Hz. Dole zangon gangar jikin garmahon ya yi nesa da wannan, in ba haka ba ɗaya ya riƙa zuga ɗaya. A can ƙasa kuma akwai faifan kansa. Yana juyi 33 da sulusi a minti, wato wajen 0.55 Hz, idan ramin tsakiyarsa ya kauce to a wannan gudun zai riƙa jan hannu hagu da dama. Lanƙwasar faifai ita ma tana aiko da nata motsin a 'yan Hz na ƙasa. Sannan sifirin ƙarfe na yau da kullum da zai ba ka 1 Hz sai ya lotsa kusan santimita 25. Wa zai zauna da garmaho mai lilo haka?

Malam Isiyaku:
Tun da an zo nan, a ba tarihi haƙƙinsa. Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research a Amurka shi ya fito da dabarar fili a 1961 da AR XA. Ya ɗaure faranti da hannu a kan firam ɗaya na ciki, ya ɗora firam ɗin a kan sifirin uku, inji kuma ya bar shi a jikin akwatin waje, bel ne kawai ya haɗa su. Hikimar ita ce ko da firam ɗin ya motsa, faranti da hannu tare suke motsi, allura ba ta ga wani bambanci ba. Har da guduma suka riƙa dukan saman akwatin a gaban jama'a allura ba ta tsallake ba. Thorens ya biyo baya da TD 150 a 1965, sannan Ivor Tiefenbrun ya fito da Linn Sondek LP12 a Glasgow a farkon shekarun 1970, kuma har yau ana ƙera shi. Shi ne ya dage cewa abin da garmaho ya zubar ba amfilifaya ko lasifikar da za ta iya dawo da shi, a lokacin da mutane suka ɗauka lasifika ce komai.

Ni dai kunnena yana tare da wannan gida. Akwai wata walwala a sautinsu, kiɗan yana tafiya, ba ya daskarewa.

Ɗan Planar:
Malam, da girmamawa, wannan walwalar da kuke ji wani ɓangarenta gudu ne da ba ya tsayuwa. Inji yana kafe a akwati, faranti yana kan firam mai lilo. Firam ya ɗan karkata gefe, bel ya miƙe ko ya saki, gudun faranti ya canza. Sifirin yana iya aiki sama da ƙasa da kyau, amma gefe da gefe fa? Shi ya sa saita irin waɗannan sana'a ce mai zaman kanta. Sai an yi ta murɗa sifirin ɗaya bayan ɗaya har firam ya riƙa tashi da sauka a miƙe ba tare da karkata ba, kuma wayar hannu kaɗai idan ta taɓa wani wuri ta ɓata aikin duka.

Roy Gandy na Rega wata hanya ya bi tun daga Planar 3 a 1977. A ganinsa abu mai nauyi tara girgiza yake yi ya sake ta daga baya, don haka ya zaɓi gangar jiki marar nauyi amma mai tsananin tauri. Ku duba Planar 8 da Planar 10, kusan ƙashi ne kawai, cikinsu kumfa mai tauri, da wani maɗauri mai tauri da ya ɗaure gindin hannu da boris ɗin da faranti ke juyawa a kai wuri guda. Manufa ɗaya ce da ta Villchur, kada a sami motsi tsakanin hannu da faranti, amma ba lilo.

Malam Isiyaku:
Ɗana, ka faɗi rabi ka bar rabi. Garmaho marar sifirin duk abin da kanta ta ba shi sai ya karɓa. Ba don haka ba, me ya sa kamfanin da kansa yake sayar da kantar bango?

Ɗan Planar:
Wannan gaskiya ne Malam. Aikin killacewar ya koma kan mazauni. Ni a wurina hakan ya fi, don mazaunin ne ya san irin ɗakin da yake ciki, kamfani bai sani ba.

Hajiya Bilki:
Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ja hankalinku, kuna ta maganar girgizar daɓe kamar ita kaɗai ce. Ta hanya uku take shigowa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai ta daɓe, akwai ta iska daga lasifika, akwai wadda na'urar ke haifa da kanta daga inji da boris. Sifirin ba ruwansa da ta iska, don ita kai tsaye take dukan faifai da hannu da murfi. A nan ne nauyi yake da ranarsa, Garba, domin iska ba ta iya motsa faranti mai kauri yadda take motsa siriri.

Murfin ƙura kuwa, don Allah ku gwada cire shi gaba ɗaya yayin sauraro. Faffaɗan roba ne a tsaye yana tare sauti, yana zuba shi cikin gangar jiki ta wurin maƙalinsa. Na sha ɗora yatsa a kan murfi lokacin da ganga ke bugawa, ana jin karkarwar a fata sarai.

Game da sauti, ba sai lasifika ta fara kuwwa ba ne ake cewa girgiza ta shiga. Tun kafin nan kaurin sauti yake fara kumbura, jita mai kauri ta daina rarrabe sautukanta, kowane bugu ya zama ɗum ɗum iri ɗaya. Muryar mawaƙi da ya kamata ta tsaya cak a tsakiya sai ta bazu. Game da gudun faranti kuma, fiyano ne alƙali. A danna sauti ɗaya a bar shi ya mutu da kansa, idan yana rawa a hanya to gudun faranti ba daidai yake ba.

Garba MC:
Na gode Hajiya, aƙalla an ba nauyi nasa kason.

Injiniya Sabo:
Ranki ya daɗe kin taɓo wurin. Dalilin da ya sa kaurin sauti ke fara shan wahala yana cikin yadda ake yanka faifai. Bisa ƙa'idar 1954 ta RIAA, wato ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ana rage kaurin sauti wajen yanka don kwarmi kada ya ci wuri, sai a mayar da shi wajen sauraro. A 20 Hz ƙarin ya kai kusan desibel 20, ninki goma ke nan a kan na 1,000 Hz. Katirij irin MC kuma, wato mai naɗin wayar da ke motsi tare da allura, abin da yake fitarwa sau da yawa bai kai rabin milibolt ba, sai an ninka shi wajen sau 1,000. Girgizar daɓe da gurnanin boris duk a can ƙasa suke zaune, daidai inda ake ƙarin nan. Su ma sai su sami rabonsu.

Autan Zaure:
Iyayena, ku ba ni dama in kawo tawa. Nawa mai sifirin uku ne, ɗakin kuma daɓen katako ne a bene. Mutum ya wuce kusa allura sai ta yi tsalle, wani lokaci ko ba a wuce ba ina ganin bakin lasifika yana shiga yana fita ba tare da sauti ba. Wani ya ce in sa wa teburin ƙafafu masu tsini, wani ya ce in ɗora garmahon a kan dutse mai kauri. Wanne zan bi?

Tsohon Faifai:
Ko ɗaya, Auta. Tsini ɗaurewa yake yi, ba ya rabawa. A daɓen siminti yana da amfani, don yana hana tebur tangal-tangal. A kan katako mai lotsawa kuwa ka ɗinke teburinka da daɓen ne, duk abin da daɓe ya yi shi ma ya yi. Dutse ma ba zai cece ka ba, yana iya sauko da rawar daɓen ta ƙara kusantar zangon sifirinka. Mutum yana taku kusan sau biyu a daƙiƙa, kuma kowane taku yana tayar da rawar da ke faɗawa inda sifirin naka yake ƙarawa maimakon tarewa. Nemi bango mai ƙarfi, na bulo ko na kankare wanda ke ɗauke da ginin, ka kafa kanta a jikinsa, ka sa ma'aunin lebur ka daidaita ta. Kantar ta zama marar nauyi mai tauri, tunda naka ya riga ya zo da sifirinsa. Kada ka ƙara wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa, sifirin biyu masu zango kusa da juna faɗa suke yi.

Injiniya Sabo:
Shiga da fitar lasifikar kuma wataƙila matsala ce ta daban. Idan amfilifayarka tana da maɓallin mono, danna shi ka kalli bakin lasifikar. A faifan sitiriyo, motsin allura sama da ƙasa yana fitowa a hagu da dama a kishiyance, mono kuwa haɗa su yake yi su kashe juna. Idan rawar ta lafa da ka danna, to motsin sama da ƙasa ne, galibi lanƙwasar faifai ce ke zuga zangon hannu da katirij. Sai ka bincika ko katirij ɗin ya yi wa hannun laushi da yawa har zangon ya faɗo ƙasa da 8 Hz. Akwai amfilifayoyi masu matatar da ke yanke abin da ke ƙasa da 20 Hz, tana kare lasifika, amma allurar tana nan tana fama a cikin kwarmi.

Autan Zaure:
Akwai maɓallin. Bangon da ke bayan teburin kuma na bulo ne. Allah ya saka da alheri.

DJ Lawwali:
Ni daga wani fage na fito, inda lasifika ke kaɗa ƙirji. Technics ya fito da SP-10 a 1970, inji a ƙarƙashin faranti kai tsaye ba bel, sai SL-1200 a 1972, sai MK2 a 1979 mai jikin alminiyam da roba mai kauri a gindi. Ba firam mai lilo, amma ya rayu a wuraren da mai sifirin uku ba zai yi minti ɗaya ba. Dabarar ita ce haɗa abubuwa mabambanta a manne, ƙarfe yana so ya yi ƙara roba ta shanye. Masu bel sun daɗe suna cewa injin kai tsaye yana juyi da ɗan fizga-fizga. A 2016 suka dawo da SL-1200G da inji marar ƙarfen tsakiya don kawar da wannan, farantinsa kuma hawa uku ne, tagulla da alminiyam da roba. Ina roƙon a daina yi masa kallon kayan casu kawai.

Malam Isiyaku:
Ba wanda ya raina gudunsa, Lawwali. Ko Garrard 301 na tsakiyar shekarun 1950, mai tura faranti da 'yar tayar roba, da can gurnani aka san shi da shi saboda siraran akwatunan da ake ɗaura shi a kai. Da aka koma dasa shi a katako hawa-hawa mai kauri ko dutse, sai ga shi ana rububinsa. Wannan ma aikin nauyi ne, amma girgizar injinsa yake shanyewa, ba ta daɓe ba.

Hajiya Bilki:
Malam, ai waɗanda suka fi burge ni su ne suka ƙi zaɓar ɓangare. SME Model 30 nauyi ne sosai, amma a rataye yake da zoben roba masu yawa daga ginshiƙai huɗu, da ruwa mai kauri a ciki yana kwantar da lilon, kamar yadda shokozoba ke hana mota ci gaba da tsalle bayan ta wuce rami. SOTA ma rataye firam ɗinsa ya yi maimakon ya ɗora shi a kan sifirin, don abin da ke rataye da kansa yake komawa tsakiya.

Injiniya Sabo:
Sai dai kwantarwar ma tana da kuɗin shiga, Hajiya. Duk yadda aka ƙara ta, tsallen da ake yi a kan zango yana raguwa, amma girgiza mai saurin gudu tana samun hanyar wucewa ta cikin ruwan ko robar. Mai ƙira sai ya zaɓi wadda zai fi jurewa. Masu neman kuɓuta daga wannan su ne suka koma ga iska da kayan ɗakin bincike. TechDAS Air Force One na Japan, wanda ya fito a 2012, farantinsa a kan siririyar iska yake yawo, famfo yana tsotse faifai ya manne da faranti, ƙafafunsa ma iska ce. Döhmann Helix One kuwa ya sa tsarin Minus K a cikinsa, wanda aka ƙera don na'urorin hangen ƙananan abubuwa, zangonsa yana sauka har wajen rabin Hz ba tare da lotsawar santimita da yawa ba, ba kuma famfo ko lantarki.

Ɗan Planar:
To a nan nake da tambaya ta gaskiya. A ɗaki mai daɓen siminti, garmaho nesa da lasifika, kunne zai iya bambance wannan duka da kantar bango mai kyau? Ko ido ne ke ji?

Hajiya Bilki:
Ni na ji bambanci, musamman a wuraren da kiɗa ya yi ƙasa sosai, bayan sautin ya fi yin tsit. Amma tambayarka tana kan hanya, kuma ana iya gwada ta.

Injiniya Sabo:
Ana iya gwadawa ba tare da sayen komai ba. Ɗora faifan da ba ka damu da shi ba, kada ka kunna inji, sauke allura a kai. Ɗaga sauti a hankali, hannunka a kan maɓalli, da ka ji gurnani ya fara tasowa ka mayar da shi ƙasa nan take. Idan ka kai inda ka saba sauraro har ka wuce ba abin da ya taso, taka a kusa, ƙwanƙwasa kanta da ɗan yatsa, sannan gangar jiki, ka ji wanne ya fi shiga. Bayan haka cire bel ka kunna inji allura tana zaune. Duk abin da ka ji yanzu injin ne yake bi ta gangar jiki.

Na tambayar Ɗan Planar kuwa, haɗa abin da ke fitowa daga amfilifayar allura, wato wadda ke fara ɗaga sautin katirij, da kwamfuta, ka naɗi waƙa ɗaya sau biyu, sau ɗaya lasifika a kashe, sau ɗaya tana bugawa da ƙarfin da ka saba. Ka sa wani ya juya maka sunayen, ka saurara da abin kunne ba tare da ka san wanne ne wanne ba.

Malam Isiyaku:
Zan yi wannan da nawa. Amma Injiniya, wurin cire bel ɗin ka yi wa masu firam mai lilo bayani, bel yana cikin abin da ke riƙe firam a mazauninsa, cire shi yana ɗan sauya yadda yake zaune.

Injiniya Sabo:
Haka ne Malam, kuma bel ɗin da kansa hanya ce da girgizar inji ke bi ta kai faranti, wadda wannan gwajin ba zai nuna ba. Don ita sai a nemi faifan gwaji mai kwarmi marar sauti, a naɗa da bel a ɗaure, a duba zanen sautin a kwamfuta ko akwai tsini, wato wurin da ya yi tsiri sama, a 50 ko 60 Hz da ninkinsu, gwargwadon wutar da ake amfani da ita. Kafin a ɗora wa inji laifi a ɗaga allura a sake naɗa. Idan tsinin yana nan allura a sama, to ta waya yake shigowa, sai a duba wayar ƙasa ta hannun.